Ambaliya a Kebbi: An Ce a Tashi, To a Tashi a Je Ina?

Duk shekara, tun kafin ruwan shuka ya sauka, hukumomin tarayya sukan fitar da jerin jihohin da ake fargabar ambaliya za ta ci, kuma da wuya a kai ƙarshen jerin ba a ji sunan Kebbi ba. Sai sanarwa ta biyo baya a rediyo cewa mazauna bakin gulbi su tashi su koma kan tudu. Jama'a su ji, su ce Allah Ya kiyaye, kowa ya koma kan sha'aninsa. Agusta ya ƙare, Satumba ya kama, ruwa ya shigo gari da tsakar dare. Washegari jami'i ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce an yi gargaɗi, mutane ne suka ƙi ji. Shi kuma wanda ke tsaye cikin ruwa iya cinya, da tabarma a ka, ya ce gwamnati ta yi watsi da su.

An daɗe ana wannan jifan juna da laifi, kuma a tsakiyarsa ainihin tambayar take ɓacewa. Idan an ce a shirya wa ambaliya, me ake nufi? Me ya rataya a wuyan hukuma, me ya rataya a wuyan unguwa, me kuma ya rage wa maigida da uwargida, tunda su ruwan zai fara tararwa tun kafin motar agaji ta baro Birnin Kebbi?

Ba ruwan Lagdo ne ke cin Kebbi ba

Mu fara da kuskuren da ya fi yawo. Da an ji cewa Kamaru za ta saki ruwan madatsar Lagdo, sai saƙonnin murya su cika WhatsApp daga Argungu har Yawuri, ana cewa ga ruwa nan tafe. Lagdo kuwa a kan Kogin Binuwai take, kusa da Garwa. Binuwai ya ratso Adamawa da Taraba da jihar Binuwai, ya je ya haɗu da Kogin Neja a Lakwaja, can ƙasa da mu da ɗaruruwan kilomita. Ruwan da ya kai Lakwaja kudu zai yi, ba zai juyo ya hauro Kebbi ba. Ɓarnar wannan kuskure iri biyu ce. Mutane su firgita a kan ruwan da ba nasu ba, sannan su saki jiki ranar da aka ce Lagdo lafiya lau take, alhali nasu ruwan yana kan hanya.

Ruwan da ke cin Kebbi ta ƙofa uku yake shigowa. Ta farko Kogin Neja, wanda mutanen bakin ruwa da yawa ke kira Kwara. Daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya wuce ta Yamai, ya shigo Najeriya ta wajen Dole-Kaina da Lolo, ya gangara Bagudo da Shanga da Yawuri da Ngaski, ya zuba a tafkin Kainji. Sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar damina, daga Agusta zuwa Oktoba, mai ɗauke da laka, wadda ita ce ke yin ɓarna. Akwai kuma ruwan Gini, wanda ke jinkiri a fadamun Mali, sai sanyi ya shigo yake isowa. Shi ya sa manomin rani a bakin Kwara kan ga ruwa ya ƙaru cikin hunturu, ba tare da an yi ko yayyafi ba.

Ƙofa ta biyu Gulbin Rima ne da 'yan uwansa. A kan Rima akwai madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984. A kan Gulbin Sakkwato akwai ta Bakolori kusa da Talata Mafara a Zamfara, tun 1978. Gulaben biyu sun haɗu kusa da Sakkwato, suka biyo ta Augie da Argungu da Birnin Kebbi da Bunza da Suru, Gulbin Zamfara da ya biyo ta Jega ya ƙara musu, kafin su faɗa cikin Neja. A nan ne abin yake yin muni. Idan Neja ya cika ya batse, ruwan Rima ba ya samun ƙofar fita, sai ya tsaya ya bazu cikin fadama, ya yi makonni yana kwance a kan shinkafa.

Ƙofa ta uku ruwan saman da ya sauka a kan rufinka ne. Wannan bai da alaƙa da dam ko gulbi. Kwana biyu ana tafka ruwa, katangar ƙasa ta sha ta ƙoshi, gindinta ya yi laushi, ta faɗa wa masu barci. A cikin gari kuma kwalbati ya toshe da leda da yashi, ruwan da ya kamata ya wuce ya juyo cikin gidaje. A ƙauyuka da yawa rushewar ɗaki ta fi gulbi ɗaukar rai.

Amfanin rarrabe ukun nan shi ne kowanne da irin lokacin da yake ba ka. Ruwan Neja yana ba da kwanaki, domin ana auna shi a Yamai, ana kuma auna shi a Jidere Bode bayan ya shigo Najeriya. A Satumbar 2020 ma'aunin Yamai ya kai wajen mita 7, tsayin da ba a taɓa rubuta irinsa ba, kuma a wannan daminar ce Kebbi ta yi asarar gonakin shinkafa da aka ƙiyasta sun kai hekta 450,000. Ruwan Rima ma yana ba da sarari idan labarin buɗe dam ya iso da wuri. Ruwan sama kuwa awoyi kawai yake bayarwa, wani lokaci ko hakan ba ya yi. Mutanen Mokwa a jihar Neja sun ga haka a ƙarshen Mayun 2025, inda ruwan dare ɗaya ya ci rayuka fiye da 150.

Buɗe dam: mugunta ce ko dole?

Manomin da ya ga shinkafarsa ta fara fitar da kai, sannan aka ce an buɗe Goronyo, ba za ka iya hana shi jin cewa da gangan aka yi masa ba. Amma dam yana da iyakar abin da zai riƙe. Idan ya cika aka ƙi sakin ruwan, bangonsa ne zai ba da kai, kuma abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin lissafi. Maiduguri ta ɗanɗana a Satumbar 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Mu ma a nan ba mu manta 2010 ba, shekarar da ruwan Rima ya share ƙauyuka a Sakkwato da Kebbi, har ya yanke gadar da ke kai wa jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce don me aka buɗe ba. Tambayar ita ce yaushe aka buɗe, da wane ƙarfi, kuma wa aka sanar? Dam ɗin da aka riƙa rage wa ruwa kaɗan-kaɗan tun farkon damina ba ɗaya yake da wanda aka bari ya kai maƙura sannan aka wangale ƙofofinsa ba. Masu kula da dam su ma suna da nasu uzurin: idan sun zubar da ruwa da wuri, damina kuma ta yanke, da me za a yi noman rani, da me birni zai sha? Ga kuma yashi da laka da ke taruwa a cikin tsofaffin madatsu shekara da shekaru, suna rage musu ciki. Wannan muhawara ce ta gaskiya. Abin da ba shi da uzuri shi ne labarin buɗewa ya tsaya a takarda tsakanin ofis da ofis, bai kai kunnen dagacin da garinsa ke bakin gulbi ba.

Wa ke yin me

Sunayen hukumomin suna rikita mutane, sai a ɗora wa wannan laifin wancan. NiMet ita ke hasashen yanayi, a farkon shekara take faɗin lokacin da ake sa ran damina za ta fara da yawan ruwan da za a samu. NIHSA ita ke lura da koguna, ita ke fitar da hasashen ambaliya na shekara tare da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Duka biyun ba sa raba shinkafa ko tabarma. Agaji aikin NEMA ne, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, SEMA. A tsari, ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta kasance da nata kwamitin gaggawa, kuma a nan igiyar ta fi saurin tsinkewa, domin shi ne matakin da ya fi kusa da jama'a, shi ne kuma ya fi ƙarancin kuɗi da kayan aiki.

Hasashe kuma ba alkawari ba ne. Idan an sa Suru ko Bagudo a jerin masu haɗari, ana nufin yiwuwar ta yi yawa, ba wai lallai kowane ƙauye zai nutse ba. Shekarar da aka yi gargaɗi ruwa bai zo ba, sai ka ji ana cewa ai ƙaryarsu ce, don su ci kuɗi suke yi. Shekara mai zuwa sai a toshe kunne. Da masu sanarwa za su riƙa dawowa bayan damina su bayyana abin da ya sa ruwan bai kai inda aka zata ba, da an fi yarda da su.

Me ya sa ba a tashi

A nan nake ganin jami'ai sun fi yin kuskuren fahimta. Kalmar taurin kai tana da sauƙin faɗa daga cikin ofis. Mutumin fadama bai zauna a bakin ruwa don bai san ruwa ba. Ya fi mai sanarwar saninsa. Ya zauna ne saboda lakar da ambaliya ke bari ita ce takin gonarsa, kifinsa a nan yake, kaburburan iyayensa a nan suke. Kuma lokacin da ake ce masa ya tashi shi ne daidai lokacin da shinkafa ke buƙatar ido, tsuntsu na sauka, bashin taki na jira.

Sannan ya tashi ya je ina? Galibi amsar ita ce makarantar firamare. Aji ɗaya, gidaje biyar ko shida, maza da mata, babu labule, ban-ɗaki biyu ga ɗaruruwan mutane. Magidancin da matansa ba su saba fita ba zai gwammace ya ɗora gado a kan bulo ya jira, da ya kai iyalinsa inda yake ganin mutuncinsu zai zube. Ga tsoron ɓarayi: gidan da aka bari babu kowa, da kwalekwale ake zuwa a kwashe hatsi da kwanon rufi. Ga dabbobi, waɗanda ba a karɓarsu a sansani. Duk sanarwar da ba ta amsa waɗannan ba, iska ce ke ɗaukarta.

Amma mu ma kada mu wanke kanmu tas. Akwai wanda ya ga tsohuwar hanyar ruwa, dattawa suka gaya masa nan rafi ne a da, ya ce ai shekara ashirin bai zo ba, ya kafa tubali. Akwai masu juye shara a kwalbati da sunan ruwa zai tafi da ita. Akwai kuma masu fakewa da ƙaddara, kai ka ce shiri rashin tawakkali ne. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure sannan ya dogara. Annabi Yusuf kuwa shirin shekara bakwai ya tsara wa Masar, har da umarnin a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace. Wanda ya ɗaga buhunsa sama bai yi jayayya da hukuncin Allah ba.

Abin da ke hannun gida

A yi tunanin daren da abin zai faru, domin galibi da dare yake zuwa. Ƙarfe biyu, babu wuta, ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, takalma na yawo a tsakar ɗaki. Cocila tana ina? Wayar da saura kashi nawa? Awaki suna ɗaure a turke suna kuka, igiyar ta jiƙe ta ƙi kwancewa, wuƙa kuma tana madafa da ruwa ya riga ya shiga. Tsohuwa tana ɗakin baya, ba ta iya tafiya sai an riƙe ta. Yara bakwai ne, an ƙirga shida. Duk abin da ake kira shiri, amsa ce ga wannan rabin awar.

Na farko dai magana ce, ba kuɗi ba. Maigida ya zaunar da iyali tun watan Yuli a yanke: idan ruwa ya shigo, ta wace hanya za a fita, a ina za a haɗu, wa zai ɗauki wane yaro, wa zai goya tsohuwa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mace da yawa ba za ta fita daga gida ba sai da izinin mijinta, shi kuma wataƙila yana kwana a gona yana gadin shinkafa, ko ya tafi cin kasuwa. To ya ba da izinin tun yanzu, a gaban kowa: idan kun ga ruwa ya kai wuri kaza, ku kwashi yara ku tafi gidan wane, kada ku jira ni. Wannan jimla ɗaya tana iya zama bambancin fita da ƙafa da fitarwa a kwalekwale.

Sai takardu. Takardar NIN, katin zaɓe, takardar fili ko ta gona, takardun makarantar yara, katin asibitin mai ciki, a haɗa su a leda biyu, a ɗaure, a rataye a sama kusa da ƙofa. A ɗauki hotonsu a waya, a tura wa ɗan uwan da ke wani gari. Bayan ambaliya, wanda ya rasa shaidarsa yakan sha wuya wajen shiga jerin masu karɓar tallafi, kuma rigimar iyakar gona takan taso idan ruwa ya share alamomi. A cikin ledar nan a sa maganin mai hawan jini ko ciwon suga na aƙalla mako biyu, da 'yan kuɗi a hannu, domin ranar da sabis ya ɗauke, mai POS ma ɗan kallo ne. A rubuta lambobin waya biyar a takarda. Yawancinmu ba mu haddace ko lambar matanmu ba, wayar na faɗawa ruwa shi ke nan. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta ake kiranta, amma a ƙauyen bakin gulbi lambar mai kwalekwale ta fi saurin kawo ɗauki.

Hatsi kada a tara shi wuri ɗaya. Wanda ke ɗaki a ɗora shi kan katako ko bulo, nesa da bango. Wani kaso a kai ajiya wurin dangi a kan tudu tun kafin hanya ta yanke. Injin ban-ruwa da faifan sola da aka bari a fadama tun noman rani, a kwaso su. Dabbobi su ne ya kamata su fara yin gaba, domin tafiyarsu a hankali ce, kuma dabbar da ke ɗaure ba ta da yadda za ta ceci kanta.

Ruwan sha shi ne abin da aka fi mantawa, don mutum na ganin ai ruwa ne ya kewaye shi. Ruwan ambaliya ya bi ta masai da turken dabbobi da juji kafin ya faɗa rijiya. Ma'aunin da masu aikin agaji ke amfani da shi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a yini, sha da girki da tsabta. Gida mai mutum goma ke nan jarka shida masu lita 25 kullum. Ba kowa zai iya ajiye wannan ba, amma jarka biyu ko uku a cike, a rufe, an ɗora su a sama, za su riƙe yara kwanakin farko.

Gidan ƙasa kuma gyaransa da rani ake yi: yaɓe, gyaran indararo, tona hanyar da ruwa zai bi ya bar gindin katanga. Idan an kwana biyu ana ruwa aka ga bango ya tsage ko ya fara zubar da ƙasa, a fitar da shimfiɗa daga ɗakin a wannan daren, kada a ce sai da safe.

Abin da gida ɗaya ba zai iya ba

Gargaɗin da ya fi aiki shi ne wanda mutum ya gani da idonsa. A kafa turke mai ƙarfi a bakin gulbi, a yi masa zane uku da fenti. Dattawan gari sun san inda ruwan 2010 ya tsaya, sun san na 2012 da na 2020, da su za a auna. Zane na farko, a kwashe dabbobi da hatsi. Na biyu, mata da yara da tsofaffi su tafi. Na uku, kowa ya fita. A ɗora wa mutum biyu duba shi safe da yamma, kuma babu wanda ya fi Sarkin Ruwa da masuntansa cancanta, tunda su ke kwana a kan ruwan. Amfanin zanen shi ne yana kashe gardama. An riga an yi yarjejeniya a gaban mai gari da liman lokacin da hankali ke kwance, ba sai ruwa na shigowa ana musun ko zai ƙaru ko zai tsaya ba.

Sanarwa ta bi ta lasifikar masallaci, da kalmomin da kowa ya san ma'anarsu, a kuma san wanda aka yarda ya yi ta. Garuruwan da ke jere a gulbi ɗaya su yi musayar lambobi: na sama ya kira na ƙasa. Wannan ya fi bidiyon da ake turawa a waya, wanda sau da yawa na wata shekara ne ko na wata ƙasa.

Maganar masauki ita ce zuciyar al'amarin. Maimakon a jira a buɗe makaranta, mai garin fadama da mai garin tudu su zauna tun rani, a raba gidaje: iyalin wane za su sauka gidan wane. Ba sabon abu ba ne, haka kakanninmu suka yi, akwai auratayya da zumunci tsakanin garuruwan. Abin da ya rage shi ne a tsara shi kafin buƙata ta taso. Inda ya zama dole sai makarantar, to a ware azuzuwan mata, a haƙa masai na wucin gadi nesa da rijiya, a keɓe filin dabbobi. A kuma zaɓi samarin da za su riƙa kewaya gidajen da aka bari, domin mai hatsi ya samu natsuwar tafiya. A rubuta sunayen waɗanda ba za su iya fita da kansu ba: makafi, guragu, masu jego, gwauraye tsofaffi, da almajiran da ke kwana a zaure, waɗanda ba sa cikin lissafin kowane gida.

Irin wannan tsari ba na ambaliya kaɗai ba ne. Ledar takardu, wurin haɗuwa, jerin masu rauni da amintacciyar murya a lasifika su ne dai ake buƙata ranar gobarar hunturu, su ne kuma mutanen ƙasar Zuru ke buƙata daren da aka ce 'yan bindiga sun doso.

Kwalekwale da hanya

Gudun ruwa ma yana kisa. A Mayun 2021 jirgin ruwan da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Lodi fiye da kima, tsohon jirgi, rashin rigar ruwa, su ne dai ake ta maimaitawa a haɗurran Kwara. To ina ga ranar firgici, kowa na son ya shiga da buhunsa da babur ɗinsa? Shi ya sa fita da wuri, da rana, sahu-sahu, ta fi komai. Rigunan ruwan da hukumomi irin su N-HYPPADEC, mai kula da yankunan madatsun wutar lantarki, ke rabawa a mashigai, amfaninsu a jiki yake, ba a rataye a rumfar mai jirgi ba.

A tudu kuma, ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ɗan acaɓan da ya ce ya san hanyar, hanyar jiya ya sani. Bai san ko kwalbatin da ke ƙarƙashin ruwan yana nan ba.

Gona da bashi

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman shinkafa a jihar ya koma harkar jari, kuma ambaliya ta koma harkar bashi. Manomin da ruwa ya ci wa gona ba abinci kaɗai ya rasa ba, ana binsa. Akwai irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, masu jure nutsewa har wajen mako biyu. Ba za su tsira daga ruwan wata guda ba, amma a gonar da ruwa ke hawa ya sauka suna rage asara. Akwai inshorar noma ta hukumar NAIC, sai dai wanda zai shiga ya tambaya tun farko: me ta ƙunsa, cikin kwana nawa ake kai rahoto, wace shaida ake nema? Ya kuma ɗauki hoton gonarsa kafin ruwa da bayansa. Manoma da yawa sun riga sun yanke wa kansu hukunci, sun mayar da ƙarfinsu kan noman rani, na damina a fadama kuma suna yin sa daidai abin da za su iya jure asararsa.

Bayan ruwa ya janye

Mutane sukan ɗauka an gama, alhali a makonnin nan ne amai da gudawa ke shigowa. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an kwashe ruwanta, an yashe ta, an sa mata sinadarin kulorin kafin a koma sha. Kafin nan a tafasa ruwa ko a sa masa maganin tsarkakewa. Idan gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da suga nan take: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana kan hanyar asibiti. Kwalara tana iya kashe babba cikin awoyi idan ruwan jikinsa ya ƙare. Kududdufan da suka rage kuma sauro ne zai biyo su, don haka gidan sauro yana cikin kayan da za a fita da su tun farko.

Macizai ma ruwa ya kore su, tudun da mutane suka hau shi suka hau, wasu kuma suna cikin ɗakunan da aka bari, ƙarƙashin buhu da cikin rumbu. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire masa zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ɗakin ƙasa da ya sha ruwa kuma yakan faɗi bayan kwanaki, lokacin da ya fara bushewa, saboda haka babba ya fara shiga da rana ya duba bango da azara kafin a mayar da yara.

Sai rajistar asara. Tun kafin jami'ai su iso, mai unguwa da liman da wakiliyar mata su zagaya gida-gida su rubuta abin da kowa ya rasa, a karanta jerin a bainar jama'a, kowa ya ji sunansa da na maƙwabcinsa, a ajiye kwafi a hannun mutum uku. Jerin da aka karanta a gaban gari yana da wuyar cusa wa sunayen da ba su ga ruwa ba, kuma shi za a riƙe a je ƙaramar hukuma da shi idan kayan da suka iso ba su kai abin da aka rubuta ba.